Tambaya da Amsa: Yadda Ake Riƙe Ƙungiyar Unguwa da Asusunta

Wasiƙun da aka zaɓo wa filinmu a wannan fitowa sun zo ne daga jihohin Kebbi da Zamfara, kuma duk a kan batu ɗaya suke, wato ƙungiyoyin ci gaban unguwa waɗanda jama'a ke yi wa hidima ba tare da albashi ba. An taƙaita wasu saboda tsawonsu, an kuma sakaya sunayen marubutan kamar yadda aka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban unguwarmu. Lokacin da muka kafa ta mun yi taron ƙaddamar da gidauniya, masu hali suka ba da gudummawa mai tsoka, muka haƙa rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana. Mun yanka wa kowane gida naira 1,000 a wata, aka biya na watannin farko, daga nan aka daina. Yanzu injin rijiyar ya ƙone, babu ko sisi a asusu, idan an kira taro ba a samun mutum goma, har wasu na raɗe-raɗin cewa ma'ajinmu ya taɓa kuɗin, alhali dattijo ne da kowa ya yi wa shaidar gaskiya. Ta ina za mu ɓullo wa lamarin?
Sakataren wata ƙungiya, Tudun Wada, Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Tushen matsalarku yana cikin wasiƙarka, domin kun tara kuɗin haƙa rijiya ne ba ku tanadi na riƙe ta ba. Taron gidauniya yana kawo kuɗi masu yawa a yini guda saboda a ranar akwai mai lasifika da ke shelanta sunan wanda ya bayar da abin da ya bayar, amma injin da ke ƙasan rijiya da faifan sola da tanki da kawunan famfo duk suna da ranar lalacewa, kuma a wannan ranar babu mai shelanta sunan kowa. Duk ƙungiyar da ta mallaki abu mai inji wajibi ne ta sama masa hanyar shigowar ƙananan kuɗi da ba ta yankewa, tun kafin a fara amfani da shi.

Ku fara da batun ma'aji, domin muddin wannan magana tana yawo a majalisu babu wanda zai sake fito da kuɗinsa. Na karɓi shaidar da ka yi wa dattijon, sai dai gaskiyar mutum ba ta isa ta kare shi daga zargi idan ba shi da takardar da zai nuna. Ku je wurin mai unguwa da limami ku roƙe su su zaɓo mutum biyu ko uku da ba sa cikin shugabanni, zai fi kyau a samu malamin makaranta ko wanda ya taɓa aikin lissafi a ofis, su zauna da ma'ajin cikin girmamawa su bi abin da ya shigo da abin da ya fita tun daga ranar gidauniya. Abin da aka samu rasit ɗinsa a rubuta, abin da babu rasit a nemi wanda ya haƙa rijiyar da wanda ya sayar da kayan su tabbatar, abin da ya gagara ganowa kuwa a faɗa a fili cewa ya gagara, sannan a karanta sakamakon a gaban jama'a. Idan wani ya ce hakan raini ne ga dattijo, a tuna masa cewa aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, wato aya ta 282 ta Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi, kuma sahabbai ne mutanen farko da aka yi wa umarnin, alhali ba a tuhumarsu da rashin amana.

Bayan haka sai ku sake duba kuɗin watan. Yanka wa kowane gida kuɗi iri ɗaya yana kama da adalci a baki, amma ka san a unguwa irin taku akwai gidan da ma'aikaci ɗaya ke ciki da iyalinsa, akwai kuma babban gida mai sassa da magidanta shida da 'yan haya. Ku ƙidaya magidanta da shaguna, ku ajiye mafi ƙarancin abin da talaka zai iya fitarwa ba tare da ya taɓa kuɗin cefane ba, mai hali kuma a bar masa ƙofa ya ɗaukar wa kansa abin da ya fi haka. A ƙaddara kuna da magidanta 150 kowanne yana ba da naira 300, kun tashi da naira 45,000 a wata, wato naira 540,000 a shekara. Wannan ya fi naira 1,000 da mutum ashirin za su riƙa bayarwa suna gunaguni, a wajen yawa da kuma wajen albarka, domin mutumin da ya sa ɗari ukunsa a rijiya ba zai ga yaro yana lilo da kan famfo ya wuce ba.

Lokacin karɓa ma yana da muhimmanci. Ma'aikaci a same shi ƙarshen wata, mai shago da mai sana'ar hannu ya fi musu sauƙi su ba da kaɗan kowane mako, manomi kuma a jira shi da kaka, idan ya ce tiyar gero ko ta masara zai bayar a karɓa a auna a rubuta masa rasit, a sayar a zuba a asusu. Matan da mazansu suka rasu, da gidajen marayu, da tsofaffi marasa ƙarfi, da bayin Allah da rashin tsaro ya koro daga ƙauyuka suka raɓa a cikinku, a rubuta a cikin dokokin ƙungiya cewa an ɗauke musu, don kada yafewar ta zama alfarmar mai karɓa, yau ya yi gobe ya hana. Wanda ba shi da kuɗi amma yana da ƙarfi ya biya da guminsa ranar gayya.

Ita kanta rijiyar tana iya ciyar da kanta. Masu ɗiban ruwa don sana'a, irin 'yan garuwa da masu buga bulo da masu wankin mota da babur, a sa musu ɗan kuɗi a kan jarka ko kura, a ware wannan kuɗi da sunan gyara kaɗai. Kada a taɓa shi don ta'aziyya ko gudummawar biki ko sayen lemon taro, komai nauyin wanda ya nema, domin ta irin wannan ƙofa asusun gyara yake zurarewa ba tare da wani ya yi niyyar cin amana ba.

Game da riƙon kuɗin, a raba hannuwa. Mai karɓa daban, yana yanka rasit mai kwafi, mai ajiya daban, masu ba da izinin kashewa daban. Kuɗin su zauna a banki da sunan ƙungiya, da sharaɗin sai mutum biyu cikin uku sun sa hannu kafin a fitar, kuma kada a yarda mambobi su riƙa tura kuɗi cikin asusun wani mutum na ƙashin kansa, ko da shi ne shugaba, domin ranar da ya rasu magadansa ba su da hanyar bambance nasa da na jama'a. Kowane ƙarshen wata ka ɗauki falle ɗaya ka rubuta abu uku da manyan baƙaƙe, abin da ya shigo, abin da ya fita da dalilinsa, da abin da ya rage, ka sa shi cikin farar leda saboda ruwa, ka liƙa ɗaya a bangon masallaci ɗaya a jikin ƙarfen tanki, inda yaran da aka aiko ɗiban ruwa za su karanta su kai labari cikin gida. Turawa a zauren WhatsApp yana da kyau, amma dattawa da mata da yawa ba sa ciki. A ganina wannan falle ɗaya ya fi kowace irin nasiha jawo masu biya.

Taro kuma mutane sun gudu ne saboda sun san kuɗi za a nema. Kafin ku sake neman ko kwabo, ku yi wani aiki da ido zai gani wanda ba ya cin komai sai shebur da baro, kamar yashe kwatoci kafin damina ta sauka. Ku mayar da taron gajere, daga bayan La'asar zuwa kafin Magariba, a buɗe shi da karanta lissafi, a tattauna abu biyu ko uku, a tashi kowane aiki yana da sunan wanda zai yi shi. Ku sa wa shugabanci wa'adi, misali shekara biyu, don waɗanda suka gaji su sauka da mutuncinsu. Asusu mai tsabta shi ne kuma zai buɗe muku ƙofar tallafi daga waje. Shirin raya al'umma na CSDP da Bankin Duniya ya tallafa wa, wanda ya fara aiki a 2009 kuma Kebbi da Zamfara suna cikin jihohin da suka amfana, ya gindaya wa al'umma kawo kashi 10 cikin 100 na kuɗin aiki, da kuɗi ko da kayan aiki da ƙwadago, tare da kafa kwamitin da zai kula da aikin. Masu ba da tallafi irin wannan sukan fara da tambayar abin da kuka tara da kanku da kuma inda aka rubuta shi.

TAMBAYA: Mun je buɗe wa ƙungiyarmu asusu a banki, aka ce sai mun kawo takardar rajista ta Hukumar CAC mai yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista. Shin dole ne ƙungiyar unguwa ta yi wannan rajista kafin ta halatta? Mu dai muna da takardar shaida daga ƙaramar hukuma.
Wani ma'aji, Badariya, Birnin Kebbi.

AMSA: Malam Ma'aji, halaccin ƙungiyarku bai rataya a kan wannan rajista ba, domin sashe na 40 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Najeriya 'yancin haɗuwa da wasu don kare muradunsa. Takardar ƙaramar hukuma ma tana da amfaninta, ita ce ke gabatar da ku a wurin kansila da shugaban ƙaramar hukuma da uban ƙasa. Abin da ba ta ba ku shi ne matsayin da doka za ta ɗauki ƙungiyar a matsayin mai cin gashin kanta, wadda za ta mallaki fili da sunanta, ta ƙulla yarjejeniya, ta kai ƙara ko a kai ta. Wannan sai da rajistar amintattu, wato waɗanda za su wakilci ƙungiyar a idon doka, a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta CAMA, wadda aka sabunta a 2020, kuma shi ya sa banki ya nema.

Za ku zaɓi amintattu aƙalla biyu a babban taro, ku rubuta bayanin taron. Dokar ba ta yarda da ƙaramin yaro ko mai taɓin hankali ko wanda kotu ta ayyana a matsayin wanda ya karye da bashi ba, haka nan wanda aka samu da laifin zamba ko rashin gaskiya cikin shekara biyar da suka gabata. Za ku gabatar da kundin dokokin ƙungiya, a buga sanarwa a jaridu biyu na kullum waɗanda aƙalla ɗaya ta ƙasa ce, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Banki zai nemi lambar BVN ta masu sa hannu da lambar haraji ta ƙungiya, kuma bankuna da yawa sukan nemi takardar SCUML, wani sashe da ke ƙarƙashin Hukumar EFCC.

Abin da nake so ku auna kafin ku shiga shi ne nauyin da ke biyo baya. Ƙungiya mai rajista wajibi ne ta miƙa rahoton shekara tare da lissafin da aka bincika tsakanin 30 ga Yuni da 31 ga Disamba, kuma akwai tara ga wanda ya yi sakaci. Dukiyarta ba a raba ta ga mambobi a matsayin riba, ko da an rushe ta ma abin da ya rage wata ƙungiya mai irin manufarta ake miƙa wa. Idan kuna da fili ko rijiya ko gini, ko kuna shirin neman tallafi, rajistar ta cancanci kuɗinta, kuma ku sa kuɗin rahoton shekara cikin kasafinku tun yanzu. Idan kuwa ƙaramar ƙungiya ce ta layi ɗaya, kuna iya haɗuwa da maƙwabtan layuka ku yi rajista ɗaya, ko ku fara da asusun haɗin gwiwa na mutum uku da babban taro ya zaɓa, a rubuta yarjejeniya a gaban mai unguwa cewa kuɗin na jama'a ne. Wannan hanya ta wucin gadi ce, kada ku daɗe a kanta.

TAMBAYA: Mu matasa ne ke wahalar aikin unguwa, amma akwai magidanta masu hali da suka rantse ba za su biya ba. Wasu daga cikinmu sun kawo shawarar a hana gidajensu ruwa, a riƙe babur ɗin wanda ya ƙi biya, a kuma daina zuwa sha'aninsu. Mene ne ra'ayinku?
Shugaban matasa, Argungu.

AMSA: Ɗan'uwa, na fahimci zafin da kuke ji, kuma gaskiya ne abin da waɗannan magidanta suke yi bai dace da haƙƙin maƙwabtaka ba. Duk da haka kada ku taɓa kayan kowa. Ƙungiyar unguwa ba hukuma ba ce, ba ta da ikon ɗora haraji a kan wanda bai shiga cikinta ba, kuma Kotun Ƙolin Najeriya ta taɓa yanke hukunci a kan irin wannan a 1991, a shari'ar Agbai da Okogbue. Wata ƙungiyar tsara ce ta ƙwace keken ɗinkin wani tela a garin Aba saboda ya ƙi biyan kuɗin da aka yanka don gina asibitin ƙauyensu, shi kuma ya ce bai shiga ƙungiyar ba, kotun ta ba shi gaskiya. Manufar masu ƙwacen mai kyau ce, amma kyawunta bai halatta musu ƙwace ba. Ku ma idan kuka riƙe babur ɗin mutum, ku ne za ku kwana a ofishin 'yan sanda, kuma kuɗin unguwa ne zai tafi wajen beli.

Hana ruwan sha kuwa matan gidan da yaran zai cutar, waɗanda ba su ne suka ƙi biya ba, kuma ƙaurace wa jana'izar Musulmi ko ta'aziyyarsa saboda kuɗin wata abu ne da babu malamin da zai goyi bayanku a kai. Abin da za ku iya shi ne ku rubuta a dokokinku cewa wasu amfanoni na mambobi ne kaɗai, kamar aron kujeru da rumfar ƙungiya kyauta, da 'yancin zaɓe da tsayawa takara a cikinta. Sannan ku bar zancen masu ƙin biya a hannun dattawa. A tura wa mutum sa'ansa ko wanda yake jin nauyinsa, ya same shi a zaurensa da takardar lissafi a hannu, ya tambaye shi dalilinsa. Sau da yawa za a tarar tsohon ɓacin rai ne, ko an taɓa cin kuɗinsa a wata ƙungiya, ko ba a shawarce shi ba lokacin da aka kafa wannan. A jikin allo kuma sunayen waɗanda suka biya za ku riƙa liƙawa, ba na waɗanda suka ƙi ba.

TAMBAYA: Ni malamar Islamiyya ce. A unguwarmu mata ne suka fi jin jiki idan babu ruwa ko kwata ta toshe, amma ba a sanar da mu komai sai an zo karɓar kuɗi. Ta yaya za mu shiga ba tare da an ce mun fita daga tarbiyya ba? Tambaya ta biyu, wani attajiri ya ce zai ba ƙungiya zakkarsa a gina kwalbati, shin ya halatta?
Wata malama, Talata Mafara.

AMSA: Malama, Allah ya saka da alheri. Tsarin da kike nema yana da asali a wannan ƙasa tamu. A ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta tsara 'Yan Taru, inda kowane rukunin mata yake da jaji, dattijuwa amintacciya da ke kai da kawowa tsakanin matan garinta da malamarsu. Ku kafa ɓangaren mata a kan irin wannan tsari, ku riƙa zama a makarantarku bayan an tashi karatu, kowane layi ya fitar da dattijuwa ɗaya da ke shiga gidaje. Ku nemi a rubuta abu biyu cikin dokokin ƙungiya: cewa ba za a zartar da aikin da ya shafi ruwa ko tsabta ko lafiya ba sai an ji ta bakin ɓangarenku, kuma za a riƙa kawo muku kwafin lissafin wata ana karantawa a zamanku. Wakilanku biyu su halarci taron shugabanni, ko su aika da ra'ayinku a rubuce idan hakan ya fi dacewa da al'adar unguwar. Kuna da abin da za ku kawo wanda maza ba su da shi, domin uwar adashe da ta shekara tana riƙe zubin mata talatin ba tare da an ji kanta da kowa ba, lallai ta san hanyar karɓar kuɗi fiye da yawancin masu riƙe da jakar ƙungiya.

Batun zakka kuwa, aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ƙayyade rukuni takwas da ake ba wa, kuma abin da malaman Malikiyya da jumhurun malamai suke kai shi ne ba a gina masallaci ko gada ko hanya da kuɗin zakka. Saboda haka kwalbati sai da sadaka ta ganin dama. Abin da ƙungiya za ta iya yi wa attajirin shi ne ta taimaka masa da sunayen matalauta da masu bashin asibiti da ke unguwar, ya ba su haƙƙinsu hannu da hannu, ko ya bi ta Hukumar Zakka da Waƙafi ta jihar Zamfara. Idan yana son abin da zai daɗe, a kwaɗaita masa waƙafi, kamar yadda Sayyidina Usman ɗan Affan ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa Musulmi. Shago ɗaya da aka yi waƙafinsa a rubuce da shaidu, kuɗin hayarsa na shiga asusun gyara kowace shekara, zai yi wa unguwa amfanin da kyautar yini ɗaya ba za ta yi ba. Ku kai wa malaman garinku maganar don su tsara takardar yadda shari'a ta tanada.

TAMBAYA: Taransifomar unguwarmu ta ƙone, mun daɗe cikin duhu. Wani mai neman takara ya ce zai saya mana sabuwa idan muka yarda a rubuta sunansa a jiki, kuma shugabanninmu su raka shi taron jam'iyyarsa. Kanmu ya rabu biyu. Mu karɓa?
Wani dattijo, Yawuri.

AMSA: Baba, Allah ya ƙara girma. Sharaɗi na biyu shi ne abin tsoro, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ranar da aka ga shugabanninku a kan mumbarin jam'iyya da sunan ƙungiya, mambobin da ke wata jam'iyyar za su janye kuɗinsu, kuma idan mutumin ya faɗi zaɓe wanda ya ci zai ɗauke ku a matsayin 'yan adawa na tsawon wa'adinsa. Kowane ɗayanku yana da 'yancin bin wanda yake so a kan kansa, amma sunan ƙungiya na kowa ne. Shawarata ku rubuta ƙa'ida ɗaya da za ta hau kan kowane mai kyauta: ana karɓa a gaban jama'a, ana ba da rasit, ana yin godiya da addu'a, ba a ɗaukar alkawarin ƙuri'a ko rakiya. Idan ya yarda da haka ku karɓa da hannu biyu, idan ya janye kun gane abin da ya zo saye.

Kafin ma a kai ga nan, ku sani cewa Hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta sha nanata cewa sayen taransifoma da turaku da wayoyi alhakin kamfanin rarraba wuta ne, ba na masu amfani da wutar ba. Ku rubuta wa kamfanin takardar ƙorafi da sunan ƙungiya, a buga muku hatimin karɓa a kan kwafinku, idan ba a share muku hawaye ba ku ɗaukaka ƙorafin zuwa ga hukumar. Idan kuka ga ba za ku iya jira ba kuka zaɓi saye da kanku ko ta hannun mai kyauta, ku ƙulla yarjejeniya a rubuce da kamfanin tun kafin a sayo, wadda za ta fayyace irin na'urar da ake buƙata, da wanda zai riƙa gyara ta, da yadda za a mayar wa jama'a kuɗinsu.

Wannan ya shafi sauran ayyuka ma. Jadawali na huɗu na tsarin mulki ya ɗora wa ƙananan hukumomi gina tituna da magudanan ruwa da fitilun kan titi da kula da su, da kwashe shara, da kula da maƙabartu, kuma a ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan su kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Ƙungiyar da ta ɗauke wa hukuma dukkan nauyinta za ta talauta mambobinta. Rabin aikinku ya kamata ya zama rubuta takarda, da bin sawunta a ofishin kansila da na shugaban ƙaramar hukuma, tare da rakiyar mai unguwa da sanin uban ƙasa.

TAMBAYA: Muna so mu ɗauki 'yan sintiri saboda ɓarayin dare. Yaya za mu biya su, kuma wane iko ke gare su?
Wani magidanci, Ƙauran Namoda.

AMSA: Malam, a halin da Zamfara take ciki wannan shi ne aikin da ya fi kowanne buƙatar taka tsantsan. Kada ku fara sai da sanin baturen 'yan sanda na yankinku da uban ƙasa, kuma tun da gwamnatin jiha ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta Askarawan Zamfara a farkon 2024, ku nemi sanin yadda sintirinku zai yi aiki tare da su ba tare da an yi karo da juna cikin dare ba. Ku ɗauki 'yan unguwa da aka san iyayensu, kowanne da mai tsaya masa, a rubuta sunayensu da hotunansu a kai wa hukuma. Kayan aikinsu tocila ce da usur da waya da rigar ruwa, ƙungiya kada ta sayi makami, domin riƙe bindiga ba da lasisi ba laifi ne. Wanda suka kama da laifi a hannu doka ta wajabta a miƙa shi ga 'yan sanda ba da ɓata lokaci ba, babu duka, babu ɗauri, babu yanke tara. Alawus ɗinsu ya fito daga asusu na daban, a biya shi a rana tsayayya kowane wata su sa hannu, a kuma hana su bin gidaje ko tare hanya suna karɓa da kansu. Idan abin da kuke tarawa ba zai ɗauki mutum shida ba, ku ɗauki uku da za ku iya biya a kan lokaci, magidanta su riƙa cike sauran dararen bi da bi bisa jadawalin da sakatare zai liƙa a ƙofar masallaci.